Abubuwa huɗu a ƙasan imel: me dokar Birtaniya ke nema daga kamfani, kuma don me

Duk wanda ya taɓa musayar saƙo da wani kamfani na Birtaniya ya san abin da ke biyo bayan sunan wanda ya rubuto. Sai ka ga ƙananan haruffa sun yi jerin gwano: saƙon nan sirri ne, in ba kai aka nufa ba ka goge shi, ra'ayin da ke ciki na marubucin ne ba na kamfani ba, ba ruwanmu in ƙwayar cutar kwamfuta ta biyo shi, ka tuna da bishiyoyi kafin ka buga shi a takarda. Sau da yawa wannan jela ta fi saƙon tsawo. Babu kuwa ko layi ɗaya a cikinta da dokar kamfanoni ta ƙasar ta wajabta. Lauyoyi ne suka saba liƙa ta don kare kai, wasu kuma suka kwafa don sun ga ana yi. Abin da dokar ta wajabta gajere ne: cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista, lambar rajistarsa, yankin ƙasar da aka yi rajistar, da adireshin ofishinsa na rajista. Su huɗu ne, kuma su aka fi mantawa da su.

Me ya kai majalisar dokoki tsoma baki cikin abin da ake rubutawa a gindin wasiƙa? Amsar tana cikin abin da kamfani yake a idon doka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari in zai ba mutum atamfa bashi, yana ba shi ne don ya san gidansa, ya san mahaifinsa, ko ya san maigidan da ya tsaya masa. In lokacin biya ya wuce shiru, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ya tsinke wannan igiya. Bashin da ya ci nasa ne shi kaɗai. In ya karye, masu hannun jari sun yi asarar abin da suka zuba, amma gidajensu da gonakinsu suna nan, mai bin bashi ba zai taɓa su ba. Gata ne babba da hukuma ke ba 'yan kasuwa don su yi ƙarfin halin zuba jari. Shi kuwa wanda ke ɗaya ɓangaren cinikin, shi aka ɗora wa kasadar. Saboda haka aka ce, to, tunda an yi muku wannan katanga, sai ku riƙa sanar da duk mai hulɗa da ku cewa akwai ta, ku kuma gaya masa inda zai je ya duba ko akwai wani abu a bayanta.

Haka abin yake tun farkonsa. Birtaniya ta kafa ofishin rajistar kamfanoni a 1844. A 1855 ta ba kamfanoni damar iyakance alhakin masu jari, da sharaɗin kalmar Limited ta zama ƙarshen sunan kamfanin. Dokar 1856 ta ce a rubuta sunan a jikin kowane ofishi daga waje, a kuma sa shi a sanarwa da tallace-tallace da takardun kuɗi, da haruffan da za a iya karantawa. Shari'ar Salomon ce ta nuna wa jama'a girman abin da aka bayar. Aron Salomon mai yin takalman fata ne a Landan. A 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani: matarsa da 'ya'yansa biyar kowa hannun jari ɗaya, shi kuma 20,001, sannan ya karɓi takardun bashi masu jingina na fam 10,000 daga kamfanin nasa a matsayin wani ɓangare na kuɗin sayar masa da sana'ar. Da kamfanin ya durƙushe, masu bin bashi suka ce ai Salomon ne kamfanin, kamfanin ne Salomon, ya biya. Ƙananan kotuna suka ba su gaskiya. Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta juya hukuncin: kamfani mutum ne daban a doka, ko da mutum ɗaya ne ke juya shi. Har yau ɗaliban lauya a Zariya da Legas da Akkara da wannan shari'a suke fara darasin kamfanoni. Abin da ya sa hukuncin bai zama zalunci tsantsa ba shi ne hujjar cewa masu ba da bashin sun san da kamfani suke ciniki, an gaya musu, kuma rajista a buɗe take. In aka cire sanarwar, hujjar ta rushe.

Fiye da shekara ɗari, maganar takarda ce da allon ƙofar shago. Da ciniki ya koma intanet sai aka sami giɓi, domin tsohuwar doka wasiƙa ta sani, ba ta san imel ba. Daga Tarayyar Turai gyaran ya zo. Tun 1968 akwai umarnin da ya ce wasiƙun kamfani da takardun odar kaya su nuna rajistar da kamfanin yake ciki, lambarsa, nau'insa da mazauninsa. A 2003 aka yi masa kwaskwarima: ko a takarda ko ta wata hanya daban, hukuncin ɗaya ne, kuma shafin intanet na kamfani ma ya ɗauki bayanan. Aka ba ƙasashe wa'adi zuwa ƙarshen 2006. Shi ya sa Birtaniya da Jamus duka suka fara aiki da sabon tsarin a rana ɗaya, 1 ga Janairun 2007. Birtaniya ta sake rubuta ƙa'idojin a 2008 a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2006, ta kuma haɗe su da na sunayen kasuwanci a 2015. Waɗannan na 2015 ne ke aiki yanzu. Fitar ƙasar daga Tarayyar Turai a 2020 ba ta taɓa su ba.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun yana da aikinsa, kuma a nan ne ake gane ba ƙa'ida ce ta cika takarda kawai ba.

Suna shi ya fi rikita mutane. Sunan da ke jikin kwali ko saman shafi sau da yawa sunan talla ne, ba shi ne mutumin da doka ta sani ba. Babban kamfani kan haifi ƙananan kamfanoni goma ko hamsin, duka da tambari ɗaya, amma wani ke riƙe da gine-gine, wani ke ɗaukar ma'aikata, wani kuma da shi kake ƙulla ciniki, ƙila ma ba shi da ko kujera. Shekara da shekaru, mutumin da ke zaune a Ingila yana sayen kaya kai tsaye daga Amazon da wani kamfani mai rajista a Luksambag yake ciniki, Amazon EU, ko da bai taɓa jin sunan ƙasar ba. In rigima ta tashi ka kai ƙarar sunan da ba shi ba, ka yi asarar kuɗin kotu da lokaci. Lambar rajista kuwa tana maganin wata dabarar: kamfani na iya sauya suna sau nawa ya ga dama, lambar ba ta sauyawa har ya mutu. Da ita za ka bi tarihinsa. Yankin rajista, wato Ingila da Wales, ko Wales, ko Sikotlan, ko Ailan ta Arewa, yana gaya maka tsarin shari'ar da kamfanin ya fito daga cikinsa, domin dokar Sikotlan da kotunanta daban suke da na Ingila. Lambobin ma kan nuna haka, na Sikotlan suna farawa da SC, na Ailan ta Arewa da NI. Adireshin ofishin rajista kuma shi ne ƙofar sallama. Doka ta ce in ka ajiye sammaci ko wata takardar shari'a a can, ko ka aika ta gidan waya zuwa can, ka isar da ita, ko sun buɗe ko ba su buɗe ba. Ba lallai ne ya zama inda ake aiki ba. Ƙananan kamfanoni da yawa ofishin akantansu suke sawa.

Akwai ƙananan sharuɗɗa da ke nuna masu rubuta dokar sun san halin ɗan kasuwa. Ba a tilasta wa kamfani rubuta sunayen daraktocinsa a wasiƙa ba, amma in ya sa sunan ɗaya a kan takardar, ba a cikin zancen wasiƙar ko wurin sa hannu ba, dole ya sa na duka. Wannan ya hana a kafa sunan wani babban mutum a sama a ɓoye sauran. In za a ambaci jarin kamfani, wanda aka riga aka biya za a ambata, ba wanda ake fatan tarawa ba. Kamfanin da aka fara rushewa dole ya faɗa a wasiƙunsa da shafinsa, bisa dokar karyewar kamfanoni ta 1986. Rubutun kuma ya zama wanda ido zai karanta ba tare da na'ura ba. Ba a ce sai a kowane shafi ba, wuri ɗaya da mai nema zai samu ya wadatar, ko da yake yawanci a ƙasan kowane shafi ake sawa don ya fi sauƙi.

Wane imel ne ya shiga ciki? Ma'aunin da ake bi shi ne: da a ce a takarda za a aika wannan saƙo, da a takarda mai tambarin kamfani za a buga shi? In eh, ya shiga. Saƙon da ma'aikaci ya tura wa abokin aikinsa bai shiga ba. Tayin farashi, tabbatar da oda, neman biyan bashi, duk sun shiga. Tsakanin waɗannan akwai saƙonni masu yawa da za a iya yin gardama a kansu, kuma ba wanda ke da lokacin tantancewa, shi ya sa kamfanoni masu hankali ke saita na'urarsu ta liƙa bayanan a duk saƙon da zai fita waje. Matsalar takan zo ne daga waya: manaja ya amsa saƙo yana cikin mota, sa hannun kamfanin bai bi ba.

Wannan duka dokar kamfanoni ce. A gefenta akwai ƙa'idojin cinikin intanet na 2002, su ma daga umarnin Turai na 2000 suka fito, waɗanda ba ruwansu da ko kai kamfani ne ko mutum ɗaya mai sana'a. Mai sayar da kaya ko aiki ta intanet ya nuna sunansa, adireshin inda yake a ƙasa, imel da za a same shi, lambar harajin kayan masarufi in yana da ita, da hukumar da ke sa masa ido in sana'arsa mai lasisi ce. Kotun Turai ta yanke a 2008, a wata ƙara da ƙungiyar masu sayayya ta Jamus ta kai wani kamfanin inshora, cewa imel kaɗai bai isa ba, sai an ƙara wata hanyar da za a same ka da sauri, amma ba lallai lambar waya ba.

To, in kamfani ya ƙi fa? A Birtaniya laifi ne, ga kamfanin da kuma duk jami'insa da ke da hannu. Tarar ba ta wuce fam 1,000, da fam 100 a kowace rana in aka ci gaba bayan an same shi da laifi. Ga kamfanin da ke juya miliyoyi wannan kuɗin shayi ne, kuma gurfanar da wani a kan haka abu ne da ba a cika ji ba. Sashe na 83 na dokar 2006 ya fi cizo a takarda: in kamfani ya kai ka ƙara a kan kwangilar da aka ƙulla lokacin da yake ɓoye bayanansa, kana iya neman a kori ƙarar, in ka nuna ɓoyewar ta hana ka bin haƙƙinka a kansa ko ta jawo maka asarar kuɗi. Ko a nan alƙali na da ikon barin ƙarar ta ci gaba in ya ga hakan ne adalci. A da akwai hukuncin da ya fi tsoratar da daraktoci. A tsohuwar dokar kamfanoni ta 1985, jami'in da ya sa hannu a cakin kamfani ba tare da an rubuta sunan kamfanin daidai ba, shi zai biya daga aljihunsa in kamfanin ya gaza. An sami daraktocin da suka biya bashin kamfani saboda an tsallake kalma ɗaya a suna. Dokar 2006 ta yar da wannan, don an ga masu bin bashin da ba a yaudare su da komai ba suna cin banza da shi. Gaskiya ne an yi ta cin banzar. Amma da tafiyarsa, tsoron da ya rage kaɗan ne.

Jamus ta bi wata hanya. A can shafin da ke ɗauke da waɗannan bayanai yana da suna da kowa ya sani, Impressum, kuma al'adar ta girmi intanet da ƙarni huɗu da rabi: tun taron majalisar daula a Augsburg a 1530 aka ce kowane littafi ya nuna sunan wanda ya buga shi da garin da aka buga. Ba don kare mai saye aka yi ba a lokacin, don a san wanda za a kama ne. Yau sashe na 5 na dokar ayyukan dijital, wadda ta maye gurbin dokar 2007 a watan Mayun 2024, yana neman suna, adireshin da za a iya kai sammaci, nau'in kamfani, wanda ke wakiltarsa, imel, kotun rajista da lamba. Akwatin gidan waya bai wadatar ba. Dole ya zama mai sauƙin ganewa, mai sauƙin isa, kuma yana nan kullum. Babbar kotun tarayya ta ce a 2006 latsawa biyu kafin a isa gare shi ba laifi. Tarar na iya kai yuro 50,000. A wasiƙu da imel kuma, kamfani mai iyakantaccen alhaki dole ya lissafa duk manajojinsa, babu zaɓin yin shiru irin na Birtaniya.

Sai dai ba tarar hukuma ce ta sa Jamusawa bin dokar ba. Kishiyoyin kasuwa ne. Dokar gasa ta ƙasar ta ba abokin hamayya damar sa lauyansa ya aiko maka takardar gargaɗi: ka karya doka, ka gyara, ka sa hannu cewa in ka sake za ka biya kuɗi kaza, ka kuma biya ladan lauyan da ya rubuto. Abin ya zama sana'a. Wasu ofisoshin lauyoyi suka riƙa bin ƙananan shagunan intanet suna neman wanda ya manta lamba ko ya taƙaita sunansa na fari. Sai a Disamban 2020 majalisa ta taka musu burki, ta ce abokin hamayya ba zai karɓi kuɗin lauya a kan irin wannan kuskuren bayanai a cinikin intanet ba. A ganina, in aka auna biyun, Jamus ta fi kusa da manufar dokar, domin kusan duk shafin kasuwanci da ka buɗe a can za ka san mai shi. Amma ta biya da tsada. Mai ƙaramar sana'a da ke aiki daga ɗakinsa, ko 'yar jarida mai zaman kanta da ke rubutu kan masu tsattsauran ra'ayi, an tilasta musu kafa adireshin gidansu a bainar jama'a ko su yi hayar wani. Dokar da aka tsara don kamfani mai katanga ta faɗa kan wanda ba shi da ko zana.

Amurka ba ta da irin wannan doka ta gaba ɗaya a matakin tarayya. Abin da take da shi dokar 2003 ce kan saƙonnin talla, wadda ta ce a sa adireshin gidan waya na gaskiya da hanyar da mutum zai ce a daina turo masa.

Akwai rauni mafi girma a tsarin Birtaniya, kuma ba a gindin imel yake ba. Lambar rajista nuni ce kawai zuwa ga kundin Companies House, ofishin rajistar kamfanonin ƙasar mai hedikwata a Cardiff, inda kamfanoni sama da miliyan 5 suke. Tun 2015 kowa na iya duba shi kyauta daga ko'ina a duniya, ya ga daraktoci, ya ga ko kamfanin na miƙa lissafinsa na shekara, ya ga ko an fara soke shi. Amma shekaru da yawa ofishin karɓa kawai yake yi, ba ya tantancewa. Kafin Mayun 2024, da fam 12 a intanet mutum na iya kafa kamfani. Wani ɗan kasuwa mai sana'ar yi wa mutane rajista ya so ya nuna wannan ɓaraka, sai a 2013 ya kafa kamfani ya sa Vince Cable, ministan kasuwanci na lokacin, a matsayin darakta ba da saninsa ba, ya kuma sanar da abin da ya yi. Ya maimaita a 2016 da sunan wata minista. A 2018 aka gurfanar da shi, tara da kuɗin shari'a suka haura fam 12,000, gwamnati kuma ta yi shelar cewa wannan ne karon farko da aka sami wani da laifin ba rajistar bayanan ƙarya. Wato mutum na farko da aka kama shi ne wanda ya kai kansa. Dokar 2023 kan laifukan tattalin arziki ce ta fara toshe ramin. Daga 4 ga Maris 2024 ba a karɓar akwatin gidan waya a matsayin ofishin rajista, sai wurin da takarda za ta kai hannun wani da ke wakiltar kamfanin. Kowane kamfani kuma ya ba ofishin adireshin imel, wanda ba a nuna wa jama'a. Kuɗin rajista ya tashi zuwa fam 50 a watan Mayun shekarar, kuma daga Nuwamban 2025 aka fara tilasta wa daraktoci tabbatar da ko su wane ne.

Ko da kundin ya gyaru, ɗan damfara na da wata hanyar. Yana kwafe suna da lamba da adireshin kamfani na gaskiya ya liƙa a nasa shafin. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗi kan haka. Duk bayanan za su yi daidai da kundi, lambar waya da asusun banki ne kawai nasa. Don haka rashin bayanan alama ce ta gudu, amma samun su ba shaidar gaskiya ba ne, mafarin bincike ne.

Najeriya ta gaji dokar kamfanoninta daga Ingila, don haka ba baƙon abu ba ne a nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya rubuta sunansa da lambar rajistarsa a wajen ofishinsa, da kuma a wasiƙunsa, tallace-tallacensa, takardun neman biya da rasit. Wannan ce lambar RC da ake gani a ƙarƙashin tambari, ko BN ga mai rajistar sunan kasuwanci kawai. Ta ma fi ta Birtaniya tsauri a wuri ɗaya: wasiƙar kasuwanci ta lissafa daraktoci, da ƙasar duk wanda ba ɗan Najeriya ba. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kuma tana da shafin bincike da kowa zai duba suna ko lamba. A Nijar, Chadi da Kamaru, dokar bai ɗaya ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗe dokokin kasuwancinsu, ce ke aiki, ita ma ta ce duk takardar da kamfani ya fitar ga jama'a ta nuna sunansa, nau'insa, yawan jarinsa, mazauninsa da lambarsa ta RCCM, wato ta rajistar kasuwanci.

Inda duk waɗannan dokoki ke haki shi ne ciniki ya sake ƙaura. Ƙa'idojin Birtaniya sun ce shafin kamfani ya haɗa da duk wani sashe na wani shafi da kamfanin ya sa aka buɗe don shi, wanda ke iya hawa kan shafinsa na Facebook ko Instagram, kuma kotunan Jamus sun fara cewa shafin kasuwanci a Facebook na buƙatar Impressum tun 2011. Amma odar da aka bayar ta WhatsApp, aka amsa da saƙon murya, ba ta da gindin da za a liƙa komai. Yawancin masu sayar da turare da lesi da wayoyi ta wannan hanya a Kano ko Maraɗi ma ba kamfanoni ba ne. A doka alhakinsu ba shi da iyaka, har gidansu ana iya bi, in an san gidan. Abu ɗaya da ke bayyana su a yanzu shi ne sunan da manhajar banki ke fitarwa bayan ka shigar da lambar asusu, kafin ka tura kuɗi. Wanda ya kira kansa Limited a saman shafinsa, ya kuma ba ka asusu mai sunan mutum, kuɗinka ba hannun kamfanin za su shiga ba, kuma in kaya ba su iso ba, kamfanin da ya ambata na iya cewa bai karɓi ko kwabo daga wurinka ba.